MOTARKA CE, KO HAYA KAKE YI BA KA SANI BA?

 

'Yan'uwa, yau zan fara da labarin wata amsa da na bayar cikin gaggawa, wadda daga baya sai da na koma na gyara ta.

Kwanakin baya, bayan sallar Isha'i, ina ƙoƙarin saka takalmi sai wani dattijo daga cikin mamunmu a nan Gyadi-Gyadi ya tsare ni. Ya ce, "Allah gafarta Malam, wata 'yar tambaya ce." Ya sayi mota tokumbo, lafiyayya, takardun kwastan sun cika. Amma akwai wasu abubuwa a allon gaban motar da in ya taɓa sai hoton kwaɗo ya fito, da rubutun Turanci. Ɗansa ya karanta masa: wai sai an biya kuɗin wata-wata kafin su yi aiki. Ɗaya fitila ce mai rage haske da kanta idan mota ta tunkaro. Ɗayar kuma taswira ce mai nuna inda ake cunkoso.

Ya kai ta wurin wani matashi a Tarauni, cikin yaran nan masu duba mota da kwamfuta. Yaron ya jona na'urarsa ya ce, "Baba, komai yana ciki. Kamfani ne kawai ya kulle. Kafin ka gama shan shayi na buɗe maka." Dattijon ya ce a bari sai ya tambayi liman.

Ni kuwa ban ko tsaya tunani ba na ce, "Alhaji, ba ka biya kuɗinka ba? Ai motarka ce, a buɗe." Ya yi godiya ya tafi.

Ina kan hanyar gida, wajen Court Road, sai abin ya dawo mini. Ni ne fa a wannan masallacin na sha faɗa wa mutane cewa yi wa mitar wuta baifas haramun ne. Ni ne na ce wanda ya saci tashoshin dish ya ci haƙƙin wani. To mene ne bambancin waɗannan da abin da na halatta yanzun nan? In akwai bambanci, wajibi ne in san shi kafin in yi magana. In babu, na tura dattijo ga haram da bakina. Da na isa gida na kira shi na ce, "Alhaji, a dakata tukuna, ka ba ni kwana biyu."

ABIN DA KE FARUWA A DUNIYA

Iyayenmu sun hau Fijo 504 da ake haɗawa a Kaduna. Wannan mota in ka saya ka saya. Bakanike da sifana da sukundireba ya isa ya kwance ta tas ya mayar. Motar yau kuwa kwamfutoci ne a cikinta, abin da kanikawanmu ke kira birenbos, kuma manhaja ce ke gaya wa inji da burki da fitila yadda za su yi.

A nan kamfanoni suka hango wata sabuwar hanyar kuɗi. A shekarar 2022 kamfanin BMW ya fara karɓar kimanin dala 18 a wata a wasu ƙasashe kafin kujerar motarka ta yi ɗumi, alhali wayar da ke ɗumama kujerar tana ciki tun daga masana'anta. Mutane suka yi caa a kansa, a 2023 ya janye. Na san wani zai yi dariya ya ce mu da muke fama da zafin Afrilu a Kano ina ruwanmu da kujera mai ɗumi. To saurara. A ƙarshen 2022 Mercedes-Benz ya sanar da dala 1,200 a shekara a Amurka ga wanda yake son wasu motocinsa masu lantarki su saki cikakken ƙarfinsu. Injin shi ne dai, an ɗaure shi ne kawai.

A watan Satumban 2017, lokacin guguwar Irma, kamfanin Tesla ya buɗe wa wasu masu motocinsa a jihar Fulorida ragowar batirinsu daga nesa, don su samu su tsere. Motocin an sayar da su a matsayin masu batir 60, alhali na 75 ne a ciki. Taimako ne, babu shakka. Amma hannun da ya iya buɗewa daga nesa ai zai iya rufewa daga nesa.

Manoma a Amurka sun daɗe suna rigima da John Deere saboda tarakta ta lalace a tsakiyar girbi, manomi ya san gyaran, amma manhaja ta ƙi yarda sai wakilin kamfani ya zo. A Janairun 2025 hukumar kula da cinikayya ta gwamnatin Amurka ta maka kamfanin a kotu kan wannan. Jama'ar jihar Masachuset kuma sau biyu, a 2012 da 2020, suna kaɗa ƙuri'ar tilasta wa masu ƙera motoci su ba kanikawa masu zaman kansu damar gyara.

Motocin da ake wannan rigimar a kansu yau, su ne za su zama tokumbonmu nan da shekara biyar ko goma. Saboda haka maganar tamu ce.

MENE NE MALLAKA?

Malaman fiƙihu suna cewa cikakkiyar mallaka abu biyu ce a haɗe: mallakar ainihin abu, da mallakar amfaninsa. Wanda ya sayi gida ya mallaki ginin da zama a ciki. Ɗan haya ya mallaki zaman kawai, na wani lokaci, ginin na mai gida ne. Shi ya sa ciniki daban, ijara daban, kowanne da hukuncinsa.

Yanzu ka ɗauka ka sayi gida mai ɗaki biyar a Tarauni. Ka biya, an yi shaidu, mai unguwa ya sa hannu. Ranar tarewa sai ka tarar da ɗaki ɗaya a kulle. Wanda ya sayar ya ce, "Ɗakin naka ne, har da rufinsa da daɓensa. In ya tsage kai za ka gyara. Amma makullin yana wajena, in kana son shiga ka riƙa ba ni dubu goma duk wata." Babu Bakanon da zai kira wannan ciniki. Ya ɗora maka nauyin mai gida, ya bar ka da haƙƙin ɗan haya.

Wannan shi ya ja ni ga amsata ta farko. Wayar kujerar nan ka biya kuɗinta a cikin kuɗin motar. Kai kake ƙona fetur wajen ɗaukar nauyinta. In ta lalace kai za ka gyara. Ƙa'ida ce sananniya a wurin malamai cewa wanda asarar abu take kansa shi ne ya cancanci amfaninsa.

AMMA A YI WA ƊAYA ƁANGAREN ADALCI

Musulmi ba ya yanke hukunci don kawai abokin shari'arsa kamfanin Turawa ne mai kuɗi. Suna da hujjoji, kuma ba na banza ba ne.

Na farko, manhaja aikin ƙwaƙwalwa ce da aka kashe dukiya da shekaru a kanta. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na biyar a Kuwait a Disambar 1988, ta tabbatar da cewa haƙƙin wallafa da na ƙirƙira da sunan kasuwanci dukiya ne da shari'a take karewa, bai halatta a ƙetare su ba. Kamfani zai ce: ƙarfen na sayar maka, manhajar kuwa izinin amfani na ba ka.

Na biyu, Allah Ya umarce mu da cika alƙawari tun daga ayar farko ta Suratul Ma'ida. Wanda ya karanta sharaɗi ya sa hannu, ba ya da bakin cewa an zalunce shi.

Na uku, za su ce ƙera mota iri ɗaya ya fi musu sauƙi, sannan wanda ba ya buƙatar abu ba a tilasta masa biya ba.

To ashe maganar ta koma babin ciniki da sharaɗi, kuma babi ne da magabata suka yi saɓani a cikinsa. Malamai suna kawo labarin Abdulwaris ɗan Sa'id, wanda ya tambayi manyan malaman Kufa uku game da mutumin da ya sayar da abu ya gindaya sharaɗi. Abu Hanifa ya ce cinikin da sharaɗin duk sun ɓaci. Ibnu Abi Laila ya ce cinikin ya yi, sharaɗin ya faɗi, ya kafa hujja da labarin Barira, wadda masu ita suka so su sayar wa Nana A'isha amma su riƙe wala'inta, Manzon Allah (SAW) ya soke sharaɗin. Ibnu Shubruma ya ce duka biyun sun inganta, ya kafa hujja da raƙumin Jabir, wanda ya sayar wa Annabi (SAW) bisa sharaɗin zai hau shi har Madina. Malamanmu na Malikiyya suka ce Imamu Malik ya san hadisan duka, ya ajiye kowanne a muhallinsa.

Ku lura da raƙumin Jabir. Amfanin da ya toge sananne ne, kuma yana da iyaka: daga nan zuwa Madina. Shi ya sa a mazhabar Malik aka yarda mai sayar da gida ya toge zama na ɗan lokaci sananne, ko mai dabba ya toge hawa na 'yan kwanaki. Amma sharaɗin da yake ƙuntata wa mai saye a cikin abin da ya mallaka, kamar a ce na sayar maka amma kada ka sayar wa kowa, wannan sun ce yana karo da manufar cinikin kanta. Toge wani amfani na abin da ka sayar har abada, don ka riƙa ba mai shi hayarsa, ya fi kama da wannan na biyun fiye da raƙumin Jabir.

BA DUK KULLE NE ƊAYA BA

Da na zauna da mas'alar sai na ga kuskurena shi ne na haɗa abubuwa uku na ba su hukunci ɗaya.

Akwai hidimar da take gudana. Taswirar nan mai nuna cunkoso, kullum daga kwamfutocin kamfani bayanin yake zuwa. Suna biyan ma'aikata, suna biyan intanet. Wannan ijara ce ingantacciya, kamar kuɗin data. Wanda ya kutsa ya sha ba tare da biya ba, shi da mai yi wa mita baifas jirgi ɗaya ya kwaso su, domin dukansu suna jan abin da yake fitowa daga hannun wani zuwa nasu.

Akwai kuma abin da aka gama ƙera shi, yana cikin motarka, ba ya buƙatar komai daga wurin kowa, an dai kashe shi ne. A nan babu abin da yake fita daga aljihun kamfani idan ya kunnu. Wannan shi ne ɗakin da aka kulle a gidanka.

Na uku shi ne kulle ƙofar gyara: a ce in an canza wani abu a mota ba zai yi aiki ba sai wakilin kamfani ya sa masa albarka da kwamfutarsa. A ganina wannan ya fi sauran muni, musamman a wurinmu. Mutumin da motarsa ta mutu a titin Zariya, wane wakili zai kira? Kuma ina makomar dubban magidanta da ke cin abinci a Ƙofar Ruwa da garejojin garin nan? Kamfani zai ce tsaron lafiyar mutane yake karewa. Wani lokacin gaskiya ne. Amma kada mu manta, a 2015 Volkswagen ya amsa cewa ya sa manhajar yaudarar masu gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11. Manhajar da ba wanda ya isa ya leƙa cikinta tana iya ɓoye ha'incin mai ita.

YANZU MU JUYO KANMU

'Yan'uwa, da daɗi mu zauna muna zagin kamfanonin Jamus. Amma kalmar nan "ai motata ce", mu ma nawa muka ɓoye a ƙarƙashinta?

Kwamfutar da yaron Tarauni zai buɗe wa Alhaji fitila da ita, da irinta ake juya mileji. Mota ta ci hanya ta gaji, a mayar da lissafin tafiyarta baya, a wanke ta a kafa a bakin titi, dillali yana rantsuwa wata tsohuwa ce take zuwa coci da ita. Wannan algus ne, kuma kun san abin da Manzon Allah (SAW) ya faɗa lokacin da ya cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ƙasa.

Da irinta ake kashe fitilar gargaɗin jakar iskar nan da ke tare mutum lokacin hatsari. Motar ta taɓa yin karo, jakar ta fashe, ba a sa wata ba, an dai rufe bakin fitilar. Wani bawan Allah ya saya ya ɗebi iyalinsa ya kama hanyar Kaduna. In wani abu ya faru, wanda ya kashe fitilar nan yana da kaso a cikin jinin.

Ga masu cire abin tace hayaƙi daga salansa, wanda kanikawa ke kira indomi, su sayar, hayaƙin ya koma huhun mai talla da ɗan makaranta. Ga masu ɗaura farar fitila mai makantar da duk wanda ya tunkaro su. Ga kuma tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 mutane suke mayar da motoci masu amfani da gas. Abu ne mai kyau, haƙƙinka ne. Amma a yi shi a wurin waɗanda suka iya, da tukunyar da aka yi don haka. Tukunyar da mai walda ya haɗa bam ce kake yawo da ita a cikin jama'a.

Motarka taka ce, amma titin ba naka ba ne, iskar ma ba taka ba ce. Shari'ar da ta hana kamfani cutar da kai ita ce ta hana ka cutar da wani.

Akwai kuma wani abu. Wannan makullin na nesa da muke kuka da shi, mu ma mun fara riƙe shi. Ga wayoyin bashi da ke rufe kansu in an makara da biya, je ka Farm Centre ka ji labari. Ga masu ba da adaidaita sahu biya sannu-sannu suna sa tiraka mai kashe inji. Kare dukiyarka ba laifi ba ne, in an bayyana sharaɗin tun farko. Amma yaro ya biya balas wata goma sha ɗaya, uwarsa ta kwanta a asibiti ya makara kwana uku, kai kana kishingiɗe a falo ka danna waya ka kashe masa inji a tsakiyar Dangi da fasinja a ciki? Allah Ya yi umarni a ƙarshen Suratul Baƙara a jinkirta wa wanda yake cikin ƙunci. A da, mai bin bashi sai ya tako ya kalli idon wanda yake bi, kuma sau da yawa kunya da tausayi sukan shiga tsakani. Maɓallin waya ya ɗauke wannan. Wanda Allah Ya ba irin wannan iko a kan abincin wani ya ji tsoron ranar da za a tambaye shi.

ABIN DA NA GAYA WA ALHAJI

Bayan kwana biyu na same shi, na kuma nemi a kira yaron, don shi ma amsar ta shafe shi. Ga abin da na ce, kuma fahimtata ce, mas'alar sabuwa ce da ta cancanci majalisun malamanmu su zauna a kanta tare da masana harkar.

Taswirar, a bar ta. Hidimar wasu ce. In da hanyar biya ka biya, in babu ka haƙura, ta wayarka ma ta isa.

Fitilar, zuciyata ta fi karkata ga halaccin kunna ta. Kayan yana cikin abin da ka mallaka, ba wanda ya gindaya maka sharaɗi lokacin saye, ba ka ɗauki alƙawarin kowa ba, kuma ba ka jan komai daga hannun kamfani. Amma da sharuɗɗa. Kada a yi amfani da lambar sirrin da aka sato, ko a shiga kwamfutocin kamfani da sunan wani. Kada a taɓa abin da zai raunana burki ko sitiyari. Kada a saɓa dokar hanya. Kuma ranar da za ka sayar, ka faɗa wa mai saye abin da aka taɓa. In ka bar ta don tsantseni, ka fita daga saɓani, kuma ba ka yi asarar komai ba.

Wanda kuwa ya sayi sabuwa daga kamfani, aka karanta masa sharaɗin, aka rage masa kuɗi saboda shi, ya amince, to ya cika alƙawarinsa. Ko da ina ganin tsarin bai dace ba, maganinsa shi ne ka ƙi saye, ka yi magana, a nemi doka, kamar yadda masu sayen BMW suka yi har kamfanin ya ja da baya. Kuma babu halin ka taɓa manhaja, inji ya lalace, ka mayar da ita yadda take ka je kana neman gyaran garanti. Wannan ƙarya ce kai tsaye.

Dillalai kuma, kulle irin wannan abu ne da yake rage darajar mota. Wanda ya sani ya ɓoye ya yi algus, kuma mai saye yana da zaɓin mayarwa.

Sai na juya wurin yaron na ce, "Kai kuma, sana'arka mai daraja ce, kuma garin nan zai ƙara buƙatarku nan gaba. Amma ka taɓa juya mileji?" Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Malam, in ban yi ba na kusa da ni zai yi." Na ce to bar shi ya yi, arzikinka ba a hannunsa yake ba. Ya yi shiru bai ce komai ba. Ina roƙon ku sa shi a addu'a, shi da ire-irensa, domin abin da ake nema daga gare su ba ƙarami ba ne a wannan yanayi.

Alhaji ya ce, "To Malam, ashe dai motar ba tawa ba ce gaba ɗaya." Na ce taka ce Alhaji, iyakar yadda ɗan Adam yake mallakar abu. A Suratul Hadid Allah Ya sanar da mu cewa dukiyar da ke hannunmu wakilci aka ba mu a kanta. Wani ya hau motar nan kafin kai, wani zai hau bayanka. Abin da ya rage mana shi ne kada mu yarda a cuce mu a cikin abin da muka biya, kuma kada mu cuci kowa da shi.

Kanikawa da dillalai da masu ba da adaidaita da ke bibiyar wannan shafi, ina son jin ta bakinku, musamman in akwai inda na fahimci aikinku ba daidai ba. Wanda yake da wata hujja ta ilimi saɓanin abin da na faɗa, ya kawo ta cikin ladabi, za mu amfana.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu, Ya tsare mu a kan hanyoyinmu, Ya yafe mana gaggawar harsunanmu. Wallahu a'alam.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.